Gyaɗar da Ta Tsiro a Bayan Motar Shitu

A Kwanyawa ba wanda yake kiransa Shitu kawai. Shitu Doka ake ce masa, kuma waɗanda suka laƙaba masa sunan ba girmama shi suka yi niyyar yi ba. Dogo ne, siriri, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa irin na mutumin da ya daɗe a kan sitiyari. Ba ya ɗaga murya, amma idan yana magana da kai sai ya tsare ka da ido, halin da dattawan garin suke cewa a birni ya ɗebo shi.

Mahaifinsa manomin gyaɗa da dawa ne. Shitu bai yi nisa a firamare ba ya bi wata babbar mota da ta zo ɗaukar gyaɗa, ya zama yaron mota a Kano. Ya sha zagi, ya sha wankin injin da ba nasa ba, har hannunsa ya faɗa ya yanki lasin. A farkon shekarun tamanin Allah ya haɗa shi da wani lauya mai suna Abdulsalami, wanda yake neman direban da ba ya shaye-shaye kuma ba ya gudu. A wurinsa Shitu ya yi shekarun da daga baya yake cewa a cikinsu ne kaɗai ya san shi ma mutum ne.

Lauyan yana da shari'u a Zariya da Kaduna da Katsina, saboda haka kullum suna kan hanya cikin wata farar Fijo. Hanya kuwa ba ta rabuwa da shinge: ganguna, katako mai ƙusoshi, da 'yan sanda a gindin bishiya. Idan aka tsayar da su Shitu ba ya cewa uffan. Maigidan ne zai sauke gilashi daga kujerar baya, jarida a hannu, ya ce, "Sannu da aiki, Kofur. Wane laifi muka yi? In takardu kake so ga su, duba su aikinka ne. Amma ba ka da ikon riƙe mu babu dalili. Yaya sunanka, kuma mece ce lambarka?" Kafin ya rufe baki an janye katako, wani lokacin har da sara masa.

In tafiya ta miƙa, lauyan yakan ajiye jaridar ya yi wa direbansa karatu, don shi mutum ne mai son a saurare shi. Ya ce duk wanda aka tsayar yana da haƙƙin a gaya masa dalili. Ya ce kada mutum ya gudu, kada ya yi zagi, kada ya ɗaga wa jami'i hannu, amma kuma kada ya dangwala a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya ce ba a ajiye mutum a caji ofis kwana da kwanaki ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma beli ba sayar da shi ake yi ba. "Shitu, abin da ya sa ake taka talaka, bai san nasa ba ne. Ranar da ya sani, an gama." Shitu ya haddace maganganun nan kamar yadda ya haddace hanyar Zariya da ramukanta.

Da lauyan ya tashi komawa Legas ya so tafiya da shi. Shitu ya ce mahaifiyarsa ta tsufa, ba zai yi nisa da ita ba. Aka yi masa sallama mai kyau, ya haɗa da abin da ya tara ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya kwaso matarsa Zaituna da 'ya'yansu suka dawo gida. Ya shiga jigila tsakanin Rogo da Karaye da ƙauyukan da ke kewaye: buhunan hatsi, awaki, matan Fulani da nononsu, da duk wanda ya sami wurin raɓawa a baya. Motar ta tsufa, amma ba abin da za a nema a rasa. Lasin, inshora, abin kashe gobara, har fitilun baya duk suna kamawa. Takardun a wata jakar fata yake ajiye su ƙarƙashin kujera.

Akwai shinge a hanyar Rogo zuwa Karaye, a wata kwana da dole mota ta rage gudu. Al'adar wurin kowa ya san ta. Direba zai dunƙule ɗan na goro a tafin hannu, ya miƙa ta taga, ko burki ba sai ya taka sosai ba. Ranar da Shitu ya fara isa wurin sai ya tsaya cak, ya yi sallama, ya miƙa jakar takardu. Ɗan sandan ya jujjuya su, ya dube shi.

"Sai kuma me?"

"Sai kuma in akwai laifi, Yallaɓai, ka gaya mini shi."

Mutumin ya yi sororo. Wataƙila ya zaci motar wani babba ce. Ya mayar masa da jakar ya janye katako.

Ranar Shitu da fara'a ya shiga gida. Ya ba Zaituna labarin, ya sake ba ta bayan sun ci tuwo. A majalisar ƙofar masallaci ya shiga gaya wa mutane haƙƙinsu, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Daga nan sunan ya samo asali.

Abin bai ɗore ba. Da mutanen shingen suka gane ba kowa a bayansa, sai suka sake salo. Ba su zage shi ba, ba su taɓa shi ba. Sai dai a ce ya gangara gefe, a karɓi takardunsa a kai gindin bishiya a ɗora musu dutse, a ci gaba da sallamar sauran motoci. Rana ta take, nono ya tsinke a ƙwarya, awaki su yi ta kuka, kasuwa ta ci har ta fara watsewa. Sai can a yafito shi a ce, "Mun duba, ba laifi. Allah ya kiyaye hanya."

Fasinja suka fara gudun motarsa. A tashar Rogo sai ka ga mace da kaya a ka ta wuce a-kori-kurar Shitu da ke kan layi, ta je ta tsaya jiran ta bayanta.

Maikuɗi, shugaban direbobin tashar, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya ja shi bayan rumfar mai shayi.

"Shitu, kai ƙanena ne, shi ya sa zan gaya maka. Abin nan da kake yi ba kai kaɗai yake ci ba. Duk ranar da ka ɓata musu rai, a kanmu suke hucewa."

"Ciyaman, da za mu haɗa kai mu ƙi gaba ɗaya, da sun daina."

"Mu haɗa kai mu ci me? Kai ka zauna da manya ka ji Turanci. Mu nan iyali gare mu."

"Ni ma ina da iyalin. Haramun ne, kuma doka ta hana."

"Wanda ya karɓa shi zai yi bayani gaban Allah. Mu tilas aka yi mana." Maikuɗi ya shanye ragowar shayinsa ya tafi ya bar shi tsaye.

A gida Zaituna ba ta yi masa musu ba. Cewa ta yi, "Malam, na yarda gaskiyarka ce. Amma yau ma da rabin lodi ka dawo."

A farkon shekarun casa'in wata damina ta zo da gardama. Gyaɗa ba ta yi ba, ɗan abin da aka samu yunwa ta sa aka cinye shi har iri. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai Audu, mijin Lauratu ƙanwar Shitu, mutum mai sanyin hali da ko ido ba ya iya haɗawa da yayan matarsa. Da bazara ta yi nisa Audu ya sayar da bijiminsa ɗaya tilo, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa su yi huɗa. Wasu magidanta na unguwarsu suka kawo nasu ƙarfin suka danƙa masa, aka ce ya je kasuwar Rogo ya auno musu iri mai kyau. Ruwan shuka ya sauka ana gobe kasuwa. Ƙasa ta jiƙu, kowa ya fito da sungumi yana jira.

Audu ya so ya ɗauki wata motar. Lauratu ce ta hana, ta ce abin kunya ne ga motar Yaya a gida a je a ɗauki ta bare.

Bayan azahar suka loda buhunan ɓararriyar gyaɗa, Shitu ya lulluɓe su da tamfol ya ɗaure da igiya, Audu ya shiga gaba kusa da shi. Hadari yana haɗuwa a gabas. A shingen suka tarar da baƙuwar fuska, wani gajeren kofur mai kaurin wuya da abokan aikinsa suke kira Ɗanmaliki.

"Fatikula," in ji shi, yana nufin takardun mota.

Shitu ya yi sallama ya miƙa jakar takardun. Kofur bai buɗe ba. Ya saƙala ta a hammata, ya zagaya baya ya ɗaga tamfol, ya dawo.

"Ina rasiɗin kayan nan?"

"Yallaɓai, a kasuwar Rogo aka auna su da kwano, ba a ba da rasiɗi a can. Ga mai kayan a zaune."

"To, ka san abin da ake yi."

"Ban sani ba, Yallaɓai. In akwai laifi ka faɗa mini, ka rubuta, mu je gaban alƙali. In babu ka ba ni takarduna. Hadari ya taso, kuma iri ne a motar."

Kofur ya yi dariya, ya waiwaya wajen na gindin bishiya. "Ashe wannan ne lauyan da kuke ba ni labari?"

Tuni Audu ya zura hannu a aljihu. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, don Allah bari in ba shi. Daga aljihuna ne, ba naka ba."

Shitu ya damƙe wuyan hannunsa ya danne a kan kujera. "Ba za a ba shi ko kwabo a cikin motata ba."

Audu ya ɗan motsa zai zare, amma kunyar suruki ta hana shi kokawa. Ya bar hannun inda aka danne shi.

Duk abin nan a idon Kofur. Ya zuro hannu ta taga zai zare makulli, Shitu ya saki Audu ya rufe makullin da tafinsa.

"Ba ka da dalilin karɓar makullina. Ina son cikakken sunanka da lambarka."

"Lambata kake so?"

"Haƙƙina ne."

Mari ya sauka kafin ya rufe baki. Aka ɓalle ƙofa aka finciko shi, hularsa ta faɗi ƙasa. Bai rama ba, bai yi zagi ba, kamar dai yadda aka koya masa. Ya ɗaga hannuwansa yana maimaita cewa shi bai ƙi bin umarni ba, dalili kawai yake tambaya. Motocin da suka taru a baya cike suke da mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando. Ya bi fuskokinsu da kallo yana neman wanda zai ce ya gani. Kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Direban da ke bayansa ya miƙa nasa ta taga, aka janye masa katako, ya kauce wa hular ya wuce.

Aka tafi da shi caji ofis, da shi da motar da kayan. Aka tuɓe masa riga da takalmi aka tura shi bayan kanta. Washegari wani saje mai furfura da taushin murya ya kawo takarda rubuce da Turanci ya ce ya dangwala. Shitu ya ce a karanta masa da Hausa. Saje bai ƙi ba. Takardar ta ce ya hana jami'i aikinsa, ya kama hannun jami'i, kuma an same shi da kayan da ake zargin na sata ne. Shitu ya ce ba zai sa hannu ba, a kai shi kotu kamar yadda doka ta tanada.

Saje ya ninke takardar a hankali. "Ɗana, soja ne ke mulki. Masu rubuta dokar ma suna gida suna jira. Ka ba Kofur haƙuri, ka ga mutane, ka ɗauki motarka yau ɗin nan."

"Ni aka mara, Yallaɓai."

"To, ka zauna."

Ya zauna. Ruwa ya yi ta zuba a kwanakin, yana jin sa a kan kwanon rufi, yana lissafa gonakin da ake shukawa a zuci. Kullum Audu sai ya zo ya tsugunna a bakin ƙofa yana roƙon a ba shi buhunansa, ko da mota za a riƙe. Aka ce masa kayan shaida ne, ba mai taɓa su sai alƙali ya ce. Daga ƙarshe Maikuɗi da wakilin dagaci suka zo suka karɓi belinsa. Sai da ya dawo gida ya ga turken awakin Zaituna wayam, sannan ya san yadda aka yi belin. Bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da yamma magidantan da suka sa ƙarfinsu a irin suka zo zaurensa. Aka gaisa, aka jajanta. Sai wani dattijo a cikinsu ya gyara zama ya ce, "Malam Shitu, mun ji an ce kai ne da gaskiya. To, yanzu a wace gonar za mu shuka ta?"

Shitu ya ce su ba shi lokaci, akwai waɗanda ya sani a Kano.

Ya tafi tsohon ofishin maigidansa. Wanda ya tarar a kujerar shi ne Muntaka, ƙaramin lauyan da a da yake riƙe wa Abdulsalami fayil, yanzu ya yi ƙiba ya sa tabarau. Ya gane Shitu, ya sa aka kawo masa lemo, ya saurari labarin har ƙarshe.

"Duk abin da ka gaya musu daidai ne, Malam Shitu. Ko ni ne abin da zan faɗa ke nan."

"To me ya sa aka mare ni?"

Muntaka ya nuna baƙar riga da farar hular lauyoyi da ke rataye bayan ƙofa. "Ka tuna inda Maigida yake sa a ajiye tasa in za ku yi tafiya?"

Shitu ya tuna. A bayan kujera, jikin gilashin baya, inda duk wanda ya zagayo motar sai ya gani. Shi da hannunsa yake ajiye ta a wurin kowace safiya, yana kakkaɓe ta, bai taɓa tambayar dalili ba.

Muntaka ya ce zai iya zuwa ya tsaya masa, amma shari'a sai ta cinye damina, kuma abin da za a kashe sai ya fi kuɗin motar. "In shawara kake so, ka koma ka ba su haƙuri. Ba don sun fi ka gaskiya ba."

Shitu ya koma. Ya sayar da rediyonsa da babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya ɗauki Audu suka tafi caji ofis. A gaban kanta, gaban mutane, ya durƙusa wa Kofur Ɗanmaliki ya ce ya yi kuskure. Kofur yana cin gyaɗa soyayya, ya ce ba komai, ai ɗan Adam ajizi ne. Aka karɓi haƙurin, aka karɓi abin da ya zo da shi. Sannan Saje ya ce, cikin taushin muryar nan tasa, "Ka makara, ɗana. Fayil ya riga ya tafi kotu, ya fita hannunmu. Amma ku je ku duba motar, wannan ba zan hana ku ba."

Motar tana bayan ofishin, cikin ciyawa, tsakanin wasu matattun motoci. Tamfol ɗin babu shi, igiyar ma babu. Buhunan sun kumbura sun yage a ɗinki. Fararen saiwoyi sun hudo algarara ta ko'ina, korayen ganye sun rufe saman lodin kamar wani ya yi shuka a bayan motar da gangan. Daga ƙasa kuwa baƙin ruwa ne ke ɗiga, da wari mai hawa kai. Kajin gidajen 'yan sanda suna sama suna tsattsaga.

Audu ya matsa ya ciro tsiro ɗaya. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Irin mai kyau ne," ya ce. "Dubi, ba wanda bai fito ba."

Suka kama hanyar Kwanyawa.

Shari'a ta yi ta tafiya kamar yadda Muntaka ya faɗa. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe mai gabatar da ƙara ba shi da lafiya, jibi an yi wa Kofur canjin wurin aiki ba a san inda za a same shi ba. Shitu bai taɓa fashin zuwa ba. Yana sanya wankakkiyar rigarsa ya zauna a benci na gaba, da jawabin da ya shirya a ransa tun daga shinge har zuwa marin. Ba a taɓa ba shi damar yin sa ba. Bayan an gama girbi, wata safiya, alƙali ya duba agogo, ya ga ba wanda ya zo daga ɓangaren masu ƙara, ya ce ya kori ƙarar.

Shitu ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ina son a faɗa ko na yi laifi ko ban yi ba."

"Ba wanda ya kawo shaida a kanka. Kana iya tafiya."

"Marin fa, ranka ya daɗe? Da irin mutane?"

"Wannan wata ƙarar ce daban. In kana so ka shigar." Aka kira ƙara ta gaba.

Da ya je karɓar motar a kan duwatsu ya same ta. Ba tayoyi, ba batir, ba kafireto, har kujerar da ya danne hannun Audu a kanta an cire. Ba wanda ya san wanda ya ɗauka. 'Yan gwangwan ne suka saya, suka daddatsa ta a inda take.

A shekarar unguwar su Audu wake suka shuka a makare, shi ma bai yi abin kirki ba. Ba wanda ya kai ƙarar Audu ko ya zage shi, amma ya daina zama a majalisa, ya koma sallah a sahun baya yana fita kafin a shafa addu'a. Da kaka ta wuce ya ce zai tafi cin rani kudu. Shekarar farko ya aiko da saƙo. Ta biyu ya aiko da gaisuwa kawai. Damina ta zo ta wuce bai dawo ba. Lauratu ta kwashe 'ya'yanta ta dawo gidan yayanta, aka gyara mata ɗakin marigayiya mahaifiyarsu. Tana gaishe shi da safe a durƙushe kamar kullum, tana kawo masa ruwan alwala. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wani fatake ya ce ya ga Audu a Shagamu yana dakon goro. Shitu ya sayar da buhun dawa ya hau mota. Ya same shi a bakin wani shago a unguwar Hausawa, gammo a ka, ya yi baƙi ya bushe. Audu ya sauke kayan ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya saya masa abinci. Suka zauna a kan wani benci.

"Audu, na zo mu koma gida."

"Da wace fuskar, Yaya? Mutane sun ba ni amanarsu na dawo musu hannu Rabbana."

"Ba kai ka yi ba. Kowa ya san ni ne."

"Ni suka ba wa." Audu ya murza gammon. "Wallahi ban riƙe ka a raina ba. Na san ba mugunta ka yi ba. Amma da ka sakar mini hannuna a ranar."

Shitu ya buɗe baki zai ce haramun ne, zai ce doka ta hana, sai ya ji maganar ta ƙi fitowa. Ya ce, "Da na sake shi."

Audu ya rako shi tasha, ya ba shi ƙullin goro ya kai wa Lauratu, ya ce in Allah ya hore masa kuɗin bijimi zai dawo.

Lauratu tana surfe Shitu ya shigo gida. Ta ajiye taɓarya ta karɓi ƙullin.

"Yaya, ya rame?"

"Ya ɗan rame."

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ku."

Ta ɗaure goron a bakin zaninta ta koma kan turmi.

Audu bai dawo ba. Shitu ne ya ci gaba da noma gonarsa haɗe da tasa, da fartanya, don ba shi da shanun huɗa, har 'ya'yan Lauratu suka tasa suka karɓa. Masu motoci sun sha nemansa ya ja musu, saboda kowa ya san hannunsa, ya ce idonsa ya yi rauni, alhali yana zura zare a allura. In yana da buƙata a Karaye, sai ya yi sammako ya bi hanyar ƙafa ta cikin gonaki, ya isa rana ta take, ƙafafunsa futu-futu. Zaituna ta taɓa ce masa ya hau acaɓa mana, tunda ga su nan birjik. Ya ce ya fi son tafiyar ƙasa, tana sa shi barci.